Soket ɗin injin wanki da injin busar da tufafi

Soket ɗin injin wanki shi ne wurin da ake jona fulogin injin wanki ko na injin busar da tufafi a bangon gida. A ido ba shi da bambanci da sauran soket, amma dokokin wayarin na ƙasashe da dama sun ware masa sharuɗɗa na musamman game da inda za a kafa shi, kaurin wayar da za ta kawo masa wuta, da na'urar da za ta yanke wutar idan an samu matsala. Dalilin haka shi ne abubuwa uku da ba su cika haɗuwa a kayan lantarki guda ba sun haɗu a nan: injin yana jan wuta mai yawa na tsawon lokaci, yana aiki da ruwa, kuma jikinsa ƙarfe ne da mutum ke taɓawa da jiƙaƙƙen hannu, wani lokaci ƙafa ba takalmi.

Dokar da ta fi yin bayani dalla-dalla a kan wannan ita ce ta Amurka, wato National Electrical Code, wadda ake taƙaitawa NEC. Birtaniya tana bin BS 7671, Faransa kuma NF C 15-100. Manufarsu ɗaya ce, amma alƙalumansu sun sha bamban, domin ƙarfin wutar da ke shiga gidaje a ƙasashen ba ɗaya ba ne.

Dalilan da suka sa aka keɓe shi

Ana auna ƙarfin turin wuta da bolt, yawan wutar da ke gudana cikin waya da amfiya, aikin da na'ura ke yi kuma da wat. Idan aka ninka bolt da amfiya sai a samu wat. Wannan ɗan lissafi shi ne tushen kusan duk abin da dokokin suka tanada. Na'ura mai wat 2,300 tana jan amfiya 10 a gidan da wutarsa bolt 230 ce, amma a gidan da wutarsa bolt 120 ce za ta ja fiye da amfiya 19.

Zafin da waya ke yi ba ya tafiya kai ɗaya da yawan amfiya. Idan amfiya ta ninka sau biyu, zafin yana ninkawa sau huɗu. Butar dafa ruwa ta lantarki tana jan wuta sosai, amma cikin 'yan mintuna ta gama. Injin busar da tufafi kuwa yana iya yin awa guda ko fiye yana ja, don haka duk wani ƙusa da bai ɗauru sosai ba a bayan soket, ko haƙorin fulogi da ke lilo a raminsa, zai samu lokacin da zai yi zafi har roba ta narke. Baƙin tabo a gefen ramin soket da warin ƙonannen roba su ne alamun farko.

Haɗari na biyu shi ne jan wuta. Jikin ɗan Adam yana fara jin wuta tun tana wajen miliamfiya 1, wato kashi ɗaya cikin dubu na amfiya. Idan ta kai wajen miliamfiya 10 zuwa 15, tsokar hannu tana iya ƙagewa har mutum ya kasa sakin abin da ya riƙe. Daga 'yan gomomin miliamfiya zuwa sama, idan ta ratsa ƙirji ta ɗan jima, tana iya rikita bugun zuciya. Busasshiyar fata tana tare wuta sosai, amma jiƙaƙƙiya ba ta yi. Idan juriyar jiki ta sauka zuwa om 1,000, wutar bolt 230 za ta tura miliamfiya 230 ta cikinsa. Birekar amfiya 20 da ke akwatin rarraba wuta ba za ta ko motsa ba, domin aikinta kare waya daga ƙonewa ne, ba kare mutum ba. Mutane da yawa ba su san wannan bambanci ba, kuma shi ya sa dokokin suka buƙaci wata na'ura ta daban.

Dokar Amurka

An fara buga NEC a 1897, kuma tun 1911 ƙungiyar kare gobara ta ƙasar, NFPA, ke kula da ita. Ana sabunta ta duk bayan shekara uku. Ba dokar tarayya ba ce. Kowace jiha ko birni ke zaɓar bugun da za ta ɗauka, wani lokaci tare da gyare-gyare, shi ya sa abin da yake wajibi a wata jiha bai zama wajibi ba tukuna a maƙwabciyarta. Lambobin sassan da ke ƙasa sun bi bugun 2020 da na 2023.

Gidajen Amurka suna karɓar wuta ta waya biyu masu wuta da ta uku a tsakiya, wadda masu sana'ar ke kira nutural. Tsakanin kowace mai wuta da nutural akwai bolt 120, tsakanin masu wutar biyu kuma bolt 240. Ƙananan kaya suna amfani da 120, manya kamar murhun lantarki da injin busar da tufafi suna amfani da 240. Saboda haka ɗakin wanki a Amurka yakan kasance da soket iri biyu da ba su yi kama da juna ba.

Sashe na 210.52(F) ya wajabta a kafa aƙalla soket ɗaya a duk wurin da aka ware wa kayan wanki a gidan zama. An ɗauke wannan wajibci ga ɗakunan haya da ke cikin babban gini mai wurin wanki na kowa da kowa, da kuma inda ba a yarda a kafa injin ba sam, muddin ba gidan iyali ɗaya ba ne.

Sashe na 210.11(C)(2) ya ce dole a ja wa wannan soket layi na amfiya 20 daga akwatin rarraba wuta, kuma kada layin ya ciyar da wani abu daban. A nan ake yawan kuskure. Dokar ba ta ce layin na injin wanki shi kaɗai ba ne, cewa ta yi na soket ɗin wurin wanki ne. Ana iya kafa soket biyu ko uku a kansa, a jona injin wanki, da dutsen guga, da injin busarwa mai aiki da gas wanda wuta kaɗan yake buƙata don juya duronsa. Abin da aka hana shi ne a ɗora masa fitilar ɗakin, ko a zarce da shi zuwa soket ɗin falo ko gareji. Hikimar raba fitila a fili take: idan bireka ta faɗi, mutum ba zai tsinci kansa cikin duhu ba a ɗakin da ƙasansa ke jiƙe. Wayar jan ƙarfe da ake amfani da ita a wannan layi ita ce mai lamba 12 a ma'aunin Amurka, kaurinta wajen murabba'in milimita 3.3.

Game da nisa, sashe na 210.50(C) ya ce soket ɗin da aka kafa domin wata na'ura takamaimai, kamar kayan wanki, kada ya wuce ƙafa 6, wato mita 1.8, daga inda za a ajiye na'urar. An yi haka ne don wayar injin ta kai da kanta, ba sai an yi mata ƙari ba. Dokar ta hana amfani da wayar ƙari a madadin wayarin na dindindin, kuma masu ƙera injinan su ma sukan hana a takardar bayaninsu.

Tsayin soket daga ƙasa

NEC ba ta ƙayyade tsayin soket ɗin injin wanki daga ƙasa ba. Abin da ake gani a gidaje al'adar masu aiki ce: sukan kafa shi sama da mita ɗaya kaɗan, yadda zai leƙo ta saman injin, a iya zare fulogi ba tare da an ja injin ba. Injin wanki da ruwa a cikinsa nauyi ne da shi, kuma ranar da ya fara hayaƙi ba ranar jan sa ba ce. Sukan kuma kauce wa kafa soket daidai ƙarƙashin famfon da mesar injin ke ɗaure a kai, su sa shi a gefe ko a sama, domin mesa takan ɗiga, wani lokaci ta fashe. Idan an ɗora injin busarwa a kan injin wanki cikin ɗan lungu, wannan tsari ya kan gagara, domin injinan biyu sun rufe bangon gaba ɗaya. A irin wannan hali makunni ko bireka da hannu ke iya kaiwa shi ne mafita.

Akwai wata ƙa'ida da ta shafi wurin ajiye injin ba soket ba. A gidajen da akwatin rarraba wuta yake cikin ɗakin wanki, sashe na 110.26 ya buƙaci a bar fili a gabansa, faɗin aƙalla inci 30 da zurfin inci 36, har tsayin ƙafa 6 da rabi. Ba a yarda a girke injin wanki ko wani kaya a wannan fili ba.

Na'urar yanke wuta idan ta zurare

Na'urar da ke kare mutum daga jan wuta ana kiranta GFCI a Amurka, a Turai da Afirka kuma RCD. Aikinta gwada wutar da ta fita ta waya mai wuta da wadda ta dawo ta nutural. Idan lafiya lau ne, daidai suke. Idan aka samu giɓi, to wani kaso ya bi ta wata hanya, ko ta jikin injin zuwa ƙasa, ko ta jikin mutum, sai na'urar ta yanke wutar cikin ƙasa da daƙiƙa guda. Ta Amurka tana faɗuwa a giɓin miliamfiya 4 zuwa 6, wadda aka saba da ita a Turai kuma a miliamfiya 30. Charles Dalziel, malami a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, wanda ya shafe shekaru yana nazarin yadda wuta ke shafar jikin ɗan Adam, shi ya ƙirƙiro samfurin Amurka a 1961.

Wajabta ta ya zo ne sannu a hankali, ɗaki bayan ɗaki. Banɗaki ya shiga a bugun 1975, kicin a 1987. A 2005 aka wajabta ta ga soket da ke cikin ƙafa 6 daga kwamin wanki. Sai a bugun 2014 aka game dukkan soket masu bolt 120 na wurin wanki, ko akwai kwami ko babu. Bugun 2020 ya faɗaɗa ta har zuwa bolt 250, wanda ya jawo soket ɗin injin busarwa ciki, na 2023 kuma ya ambaci injin busar da tufafi da sunansa cikin jerin na'urorin da dole a kare su. Wasu jihohi sun jinkirta ko sun cire wannan faɗaɗawa bayan ƙorafin cewa na'urar tana faɗuwa ba gaira ba dalili.

Dokar ta kuma ce dole na'urar ta kasance inda za a kai gare ta cikin sauƙi, domin tana da maɓallin gwaji da ake so a riƙa dannawa a kai a kai. Soket mai GFCI da aka ɓoye a bayan injin wanki bai cika wannan sharaɗi ba, shi ya sa masu aiki da yawa suka gwammace su sa bireka mai GFCI a cikin akwatin rarraba wuta.

Tun bugun 2014 ana buƙatar wata kariyar ta biyu, AFCI, a layukan bolt 120 na wurin wanki. Ita wannan tartsatsin da ke tashi a tsinkakkiyar waya ko sakakken haɗi take ganowa, don hana gobara. Akwai bireka guda da ke yin aikin biyun.

Injin busar da tufafi: haƙori uku da haƙori huɗu

Injin busarwa na lantarki a Amurka babba ne, yakan ci wat 5,000 ko fiye. Ana ja masa layinsa na amfiya 30 da waya mai lamba 10, kaurinta wajen murabba'in milimita 5.3. Wajen lissafin nauyin wutar gida gaba ɗaya, sashe na 220.54 ya ce a ƙiyasta masa wat 5,000 ko abin da ke rubuce a jikinsa, duk wanda ya fi yawa. Layin injin wanki kuma ana ƙiyasta masa 1,500.

Injin yana buƙatar ƙarfin wuta iri biyu a lokaci guda: bolt 240 don hitarsa, bolt 120 don moton da ke juya duro da agogonsa da fitilarsa. Shekaru da dama ana jona shi da fulogi mai haƙori uku, wanda ake kira NEMA 10-30: biyu masu wuta, ɗaya nutural. Babu wayar ƙasa. A madadinta sai a ɗaure jikin injin da nutural ta wani ɗan ƙarfe ko 'yar waya da ke bayansa.

Aibin wannan tsari babba ne. Nutural waya ce da wuta ke bi a kullum, ba sai an samu matsala ba. Ranar da ta tsinke ko ta saki a soket, wutar da ta ratsa moto ba ta da hanyar komawa sai jikin injin. Injin zai tsaya kamar ya mutu, alhali ƙarfensa yana ɗauke da bolt 120, kuma a gefensa ga injin wanki da famfo, waɗanda duk a haɗe suke da ƙasa. Wanda ya dafa biyun tare shi ya zama wayar.

Bugun 1996 ya rufe wannan ƙofa ga sabon wayarin. Tun daga nan sai fulogi mai haƙori huɗu, NEMA 14-30, wanda ya raba nutural da wayar ƙasa. Sashe na 250.140 ya bar tsofaffin layuka su ci gaba bisa wasu sharuɗɗa, don haka har yanzu gidaje masu yawa suna da tsohon soket, kuma saboda haka ne a Amurka aka saba sayar da injin busarwa ba tare da wayarsa ba, mai saye ya zaɓi wadda ta dace da bangonsa. Idan aka sa waya mai haƙori huɗu, dole a kwance ɗan ƙarfen nan da ya haɗa jiki da nutural. Mantawa da shi yana cikin manyan dalilan da ke sa GFCI faɗuwa da zarar an kunna sabon inji, kuma a nan na'urar gaskiya ta faɗa. Sauya fuskar soket daga uku zuwa huɗu ba tare da an ja wayar ƙasa ta gaske ba kuwa yaudarar kai ce, har gara tsohon, domin shi aƙalla bai ɓoye halinsa ba.

Birtaniya

A Birtaniya wutar gida bolt 230 ce, kuma soket iri ɗaya ne ga kusan komai: mai rami uku masu kusurwa, bisa ma'aunin BS 1363 da aka fito da shi a 1947. Kowane fulogi yana da fis a cikinsa, mafi girma amfiya 13, wanda ke bada kusan wat 3,000. An ƙera injinan wanki da na busarwa na can don kada su wuce wannan iyaka, saboda haka ba a buƙatar wani soket na daban. Injin wanki na Turai yakan ɗumama ruwansa da kansa da hita mai wajen wat 2,000, saɓanin na Amurka wanda galibi daga tankin ruwan zafi na gida yake sha.

BS 7671 ba ta wajabta keɓaɓɓen layi ga injin wanki ba. Ana iya jona shi a layin zobe na amfiya 32 da ke zagaya kicin. Abin da ta wajabta shi ne RCD ta miliamfiya 30 ga soket na gida da bai wuce amfiya 32 ba. Matsalar da aka fi sani ita ce ta tagwayen soket. Ko da yake kowane rami amfiya 13 ne, ba a ƙera tagwayen don ɗaukar 26 a lokaci guda ba, don haka jona injin wanki da na busarwa a fuska ɗaya a kunna su tare ba dabara ba ce.

Da yake a can an fi tura injin ƙarƙashin teburin kicin, soket ɗin yakan ɓuya a baya. Al'ada ita ce a kafa makunni a saman teburin da zai kashe shi, kuma ƙa'idojin gini na Sikotlan sun nemi a yi hakan. A Ingila jagorar dokar gini ta ce a sababbin gidaje soket da makunni su kasance tsakanin milimita 450 da 1,200 daga ƙasa, domin tsofaffi da masu keken guragu. Tazarar santimita 30 daga kwamin wanke-wanke da ake yawan ambatawa shawara ce ta jagora, ba ƙa'ida ba ce a cikin BS 7671.

A ɗakin wanka an tsaurara. An daɗe ana hana soket na bolt 230 cikin mita 3 daga yankin baho ko shawa, gyaran 2022 ya rage zuwa mita 2.5. Mafi yawan ɗakunan wanka ba su kai wannan girma ba.

Faransa

Dokar Faransa ta fi kusa da ta Amurka wajen keɓewa. NF C 15-100 ta sa injin wanki da injin busarwa cikin na'urorin da kowannensu ke da layinsa, da waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5 da bireka da ba ta wuce amfiya 20 ba. Ta kuma buƙaci RCD ɗin da ke kare layin injin wanki ta zama nau'in A. Dalili shi ne injinan zamani suna da kayan laturoni da ke sarrafa gudun moto, kuma idan wuta ta zurare daga irinsu ba ta fita da siffar da tsohon nau'in AC ke iya ganewa da kyau. Da yake Faransawa da yawa a ɗakin wanka suke ajiye injin, dokar ta raba ɗakin zuwa yankuna gwargwadon kusanci da ruwa, ta hana ajiye shi a mafi kusa, wanda ya haɗa da santimita 60 na farko daga bakin baho.

Najeriya, Nijar da Gana

Najeriya da Gana sun gaji tsarin Birtaniya: bolt 230, wuta mai juyawa sau 50 a daƙiƙa, da soket mai rami uku masu kusurwa. Ana kuma ganin tsohon soket na amfiya 15 mai zagayayyun ramuka, wanda aka fi sa wa na'urar sanyaya ɗaki da hitar ruwa. A Nijar, Kamaru da Chadi fulogi mai zagayayyun haƙora irin na Turai ya fi yawa. A Najeriya hukumar NERC ta fitar da ƙa'idojin samar da wuta da kafa kayan lantarki a 2015, kuma hukumar NEMSA, wadda aka kafa da doka a wannan shekarar, ita ke da alhakin duba wayarin da tantance masu yin sa. A Gana Hukumar Makamashi ce ke aiwatar da ƙa'idojin wayarin na 2011.

Injin wanki mai tukunya biyu, wanda ake zuba wa ruwa da bokiti, ba ya ɗumama ruwa, kuma 'yan ɗaruruwan wat kawai yake ci. Nauyinsa ba matsala ba ne ga soket. Matsalarsa wurin da ake amfani da shi: tsakar gida ko bakin banɗaki, a kan jiƙaƙƙen siminti, da doguwar wayar ƙari kwance a ƙasa inda ruwan wanki ke malala. Soket na dindindin a bango, sama da inda ruwa ke fantsama, mai murfi idan a waje yake, ya fi wannan nesa ba kusa ba. Injin mai sarrafa kansa da ke da hita kuwa yana kusantar iyakar amfiya 13, don haka yana buƙatar soket mai inganci da waya mai kaurin 2.5, ba siririyar wayar fitila ba.

Babban abin dubawa shi ne wayar ƙasa. Soket yana iya kasancewa da rami uku alhali na ukun ba a haɗa shi da komai ba. Injinan zamani suna da matatar lantarki da ke sakin 'yar wuta kaɗan zuwa jikinsu a kullum, wadda wayar ƙasa ke kwashewa. Idan babu ita, sai a ji injin yana ɗan tsikarar hannu. Mutane kan saba da wannan, su sa silifas su ci gaba, alhali alama ce cewa ranar da waya ta goge a ciki babu abin da zai tare.

Ko inda aka kafa sandar ƙarfe a ƙasa aka ɗaura wayar, aikin bai ƙare ba. Busasshiyar ƙasa mai yashi ba ta ɗaukar wuta sosai, kuma juriyarta tana ƙaruwa da rani, abin da ya shafi arewacin Najeriya da Nijar kai tsaye. Idan juriyar sandar ta kai om 50, wutar da za ta bi ta cikinta a bolt 230 ba ta kai amfiya 5 ba. Birekar amfiya 20 ba za ta faɗi ba, fis ɗin amfiya 13 ba zai tsinke ba, jikin injin kuma zai zauna da wuta. RCD ta miliamfiya 30 za ta yanke nan take. A gidan da ya dogara da sandarsa ta ƙasa, RCD ba ƙarin ado ba ce, ita ce kariyar.

Janareto da inbata suna da nasu batun. Ƙaramin janareto da bai kai wat 1,000 ba yana iya juya injin mai tukunya biyu, amma ba zai ɗauki hitar wat 2,000 ba, sai dai a zaɓi wanki da ruwan sanyi. Haka kuma a ƙananan janareto da yawa ba a haɗa nutural da ƙasa ba, wanda ke iya hana RCD aiki yadda aka tsara ta, don haka ana so mai aikin wuta ya gwada ta a kan wutar gwamnati da kuma ta janareto.

Injinan da aka shigo da su daga Amurka

Injin wanki na hannu da ya fito daga Amurka an ƙera shi ne don bolt 120 da wuta mai juyawa sau 60 a daƙiƙa. Jona shi a soket na bolt 230 ta hanyar sauya fulogi yana ƙona shi. Taransifoma tana rage bolt, amma ba ta sauya saurin juyawar wutar, don haka moto na tsohon tsari zai yi gudu ƙasa da nasa da kashi ɗaya cikin shida, kuma yana iya yin zafi fiye da kima. Injin busarwa ya fi wuya. Ganin an rubuta 240 a jikinsa yakan sa a ɗauka zai yi daidai da wutar Najeriya, amma yana buƙatar wayar tsakiya mai bada bolt 120, wadda babu ita a tsarin nan, kuma fiye da amfiya 20 da yake ja sun wuce ƙarfin soket na amfiya 13 da na 15. Farantin da ke manne a bayan kowane inji ko a bakin ƙofarsa yana ɗauke da bolt, da saurin juyawar wuta, da wat ko amfiyar da yake buƙata.